Tsabar tunawa da kafuwar ƙasa: ta zinariya ko ta azurfa?

A 1967, da Kanada ta cika shekara 100, ta buga tsabar zinariya ta dala 20 da kuma dalar azurfa mai hoton dinya tana tashi sama. Biki ɗaya ne, amma wanda ya ajiye kowace daga cikinsu ba abu ɗaya ya ajiye ba.

Ta zinariya dukiya ce tun kafin a dubi zanenta. Ba ta tsatsa, ba ta dusashewa, kuma ko masu tarawa sun juya mata baya, nauyinta zai sayar da ita. Matsalarta tsada kawai.

Ta azurfa ita ce ta fi shiga raina, duk da tana son kulawa. Sinadarin kibiritu da ke cikin iska yana sa ta yi duhu sannu a hankali, yatsa mai gumi kuma yakan bar mata tambari. Don Allah kada ka goge ta don ta yi ƙyalli. Gogewa tana karce fuskarta, darajarta ta zube. A gefe ake riƙe ta. Amma faɗinta yana ba mai zane fili, kuma mai ƙaramin ƙarfi yana iya mallakarta.

Kada dai ka ɗauka kowace tsabar biki tana samun kasuwa. A 1926, cikar Amurka shekara 150, an buga rabin dalar azurfa sama da miliyan 1, amma mafi yawansu ba su sayu ba, aka mayar aka narkar.