XAMPP a Damagaram: yana aiki ba rezo, amma ɗaukewar kuran na wahalar da shi

Ga ɗalibin da ke koyon PHP (harshen rubuta shafukan intanet) da SQL (harshen aiki da rumbun bayanai), a Jami'ar André Salifou ne ko a ɗakin kwamfuta na unguwa, da wuya a samu kayan aikin da ya kai XAMPP sauƙi. XAMPP tarin manhajoji ne da ke ba ka damar gwada shafin intanet a kan kwamfutarka, kuma kyauta ne. Mutum ɗaya ya sauke shi, ya zuba a kile ya raba wa sauran. Daga nan Apache mai nuna shafuka, da MariaDB mai riƙe rumbun bayanai, da phpMyAdmin da ake sarrafa rumbun da shi ta burauza, duk suna cikin na'urarka. Ka rubuta localhost, wato adireshin na'urarka, a burauza, aiki ya ci gaba ko da rezo ya tafi.

Rauninsa wuta ne. A lokacin bazara, in kuran ya ɗauke wa kwamfutar tebur alhali MariaDB tana tsakiyar rubutu, kana sake kunnawa sai ka ga jan rubutu: "MySQL shutdown unexpectedly" (MySQL shi ne sunan da XAMPP ke kiran MariaDB da shi). A nan ne mutane da yawa ke yin ɓarna, su goge fayil ɗin ibdata1 don wani ya ce haka ake yi. Kada ka goge shi, domin teburan InnoDB, wato tsarin da MariaDB ta saba ajiye bayanai da shi, ba sa buɗuwa in babu shi. Fara duba mysql_error.log, fayil ɗin da ake rubuta kurakurai a ciki. In lalacewa ce, shiga xampp\mysql, canza sunan jakar data zuwa data_old, kwafi jakar backup ka sa wa kwafin suna data. Sai ka ɗebo jakunkunan rumbunanka daga data_old, ban da mysql da performance_schema da phpmyadmin, ka zuba a sabon, ka bi su da tsohon ibdata1 ya danne na can. Sau da yawa wannan yana tayar da MariaDB, amma ba kullum ba. Shi ya sa ya kamata kowace yamma ka fitar da rumbunka ta Export a phpMyAdmin, ka ajiye fayil ɗin .sql a kile.

Abu na biyu ya shafe mu ƙwarai. Rumbun da aka ƙirƙira da tsarin haruffa na latin1 yana karɓar é da è na Faransanci lafiya lau, sai ka ɗauka komai daidai. Ka shigar da suna kamar Ɗanladi ko Baƙo, ka yi SELECT don ganin abin da ka shigar, sai ga alamar tambaya a gurbin ɗ da ƙ. Zaɓi tsarin haruffa na utf8mb4 tun ranar ƙirƙira, kuma bayan haɗi da rumbun a PHP ka sa set_charset("utf8mb4"). Harafin da ya riga ya koma alamar tambaya a cikin tebur ba ya dawowa, sai an sake shigar da shi da hannu.

Sauran matsalolin ƙanana ne. In Apache ya ƙi tashi, galibi wata manhaja ce, irin su IIS mai yin irin aikin Apache, ta riƙe ƙofa ta 80, wadda Apache ke amfani da ita. Mayar da Listen 80 zuwa 8080 a httpd.conf, ka buɗe localhost:8080. In ka gyara CSS, wato kwalliyar shafi, amma shafin bai canza ba, burauza ce ta riƙe tsohon, danna Ctrl da F5.

Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne a ɗora lissafin kanti ko na kemis a kan XAMPP yadda ya zo. Mai amfani root, wato babban asusun MariaDB, ba shi da kalmar sirri ko kaɗan. Sa masa ita a phpMyAdmin, ka rubuta ta kuma a config.inc.php, in ba haka ba phpMyAdmin ɗin kansa zai rufe maka ƙofa.