Kek ɗin karas mai ƙamshin Indiya na bazday: me za ki saya, me za ki bari a kanti

Tun da na yi wa autata kek ɗin karas ranar bazday ɗinta ake ta tambayata wai me na zuba ne yake irin wannan ƙamshin, to ba wani sirri ba ne, kwaikwayon gajar halwa na yi, alawar karas ɗin nan ta mutanen arewacin Indiya da Pakistan da suke dafa gurzajjen karas a madara da man shanu da sukari da kadamon (wasu 'ya'yan ƙamshi ne a cikin kwanso) har ya tsotse, sun fi yinta da sanyi lokacin da jan karas ɗinsu yake fitowa. Kwaɓin kam ba wuya, inda ake asarar kuɗi a kasuwa ne, shi ya sa na ce bari na faɗa miki abin da na saya na ji daɗi da wanda na saya na yi da na sani.

Kadamon shi ne uban tafiyar, in za ki kashe kuɗi to a nan za ki kashe. Kala biyu ne kuma wallahi ba su haɗa hanya ba. Koren, ƙanana ne, asalinsa daga duwatsun kudancin Indiya wajen Kerala duk da yanzu Guatemala ta fi kowa fitar da shi, shi ne na kayan zaƙi da shayi. Baƙin kuma manya ne masu kaushi, na Nepal da Sikkim, a kan wuta ake busar da shi shi ya sa yake warin hayaƙi, na shinkafa da nama ne wannan, kika kuskura kika zuba shi a kek sai ki rantse a murhun itace ya kwana. Sai batun nikakke da wanda yake cikin kwansonsa. Na farko da na saya nikakke ne a 'yar roba saboda ƙiwar daka, na buɗe na shinshina kamar na shinshini gari, cokali biyu na zuba amma ko labarinsa babu a kek ɗin. Yanzu mai kwanso nake saya, kuma kafin na biya sai na fasa ɗaya da farce, in 'ya'yan ciki baƙaƙe ne suna ɗan danƙo suna manne da juna to sabo ne, in sun yi fari-fari sun bushe suna zubowa kamar yashi ki mayar masa da kayansa. Kwanso 10 zuwa 12 ya ishi kek guda, ki ɓare ki daka 'ya'yan da ɗan sukari a ƙaramin turmi don su yi laushi.

Kirfa ma iri biyu ce, ta Sri Lanka mai sirara-siraran ɓawo a nannaɗe da yawa da take farfashewa a hannu, da mai kauri mai tauri wadda ita ce ta cika kasuwanninmu. Ta Sri Lanka ta fi sanyin ƙamshi kuma ta fi tsada, ni dai ban ga dalilin wahalar nemanta ba tunda rabin ƙaramin cokali kawai za ki sa. Citta da gyaɗar ƙamshi na kicin ɗinki sun wadatar, kanumfari kuma ƙwaya biyu, in ya wuce haka shi kaɗai za a ji.

Za'afaran fa? ki bar shi. Fure kusan 150 ake tsinkewa kafin a samu giram 1, yawancinsa daga Iran yake zuwa sai ɗan na Kashmir, don haka duk wanda ya miƙo miki cikin kwalba da araha ki san akwai lauje cikin naɗi. Na gaske in kin jiƙa shi a madara mai ɗumi a hankali yake sakin ruwan ɗorawa kuma zaren ba ya kodewa, na jabu nan take yake rina ruwan ja ya koma fari. Kuma ko na gasken ne, a cikin kwaɓin da ya riga ya sha kadamon da kirfa ɓacewa yake yi.

Wajen mai ne na fi daɗewa ina kai-kawo. Abin da suke kira gi a Indiya ba komai ba ne illa man shanu da aka soya ruwansa ya ƙone, wato dai soyayyen man shanunmu, ba sai kin sayi na gwangwani da aka shigo da shi ba, sai dai ki lura, yawancinmu da albasa muke soya shi, wannan na tuwo ne, ki sayi ɗanye mai kyau ki soya da kanki ba albasa. Matsalarsa ɗaya, yana daskarewa, kek ɗin da aka yi da shi zalla in ya shiga firij ko ya kwana cikin sanyin hunturu sai ya yi tauri. Man gyaɗa ko na kwalba kuma yana barin kek da laushi har kwana uku amma ba ƙamshin halwa. Ni raba su nake, a fulawa giram 250 da ƙwai 3 sai na sa mai mil 150 da narkakken man shanu babban cokali 3. Bota ba na ma sa ta a lissafi.

Sukari kuma mutanen Indiya gur suke so, ruwan rake da aka dafa ya daskare, in kin duba da kyau mazarƙwaila ce sak. Ta fi burawun suga na kanti araha da ƙamshi, illarta ƙasa da ɗan dattin rake, don haka kar ki gurza ki zuba kai tsaye, ki narka ta da ruwa kaɗan ki tace da rariyar laushi ki bari ta huce. Rabi mazarƙwaila rabi farin sukari nake yi don zalla tana sa kek ya yi nauyi ya yi duhu sosai, kuma in da ita kar ki manta da bekin soda, bekin foda kaɗai ba ya ɗaga shi yadda ake so.

Karas ki zaɓi sirara masu ƙarfi da suke karyewa ƙas, manyan nan masu farar zuciya itace ne a ciki. Giram 300, ki goga da hannu a ƙananan idon abin goga kuɓewa, bilenda tana mai da shi kunu.

Fistashiyo, 'ya'yan itace mai kama da gyaɗa, yana da kyau a ido, koren nan a kan farin kirim, amma tsada, ki sayi ɗan kaɗan marar gishiri na ado kawai, na cikin kwaɓi ki sa kashu, dama su ma kashu suke zubawa a halwa. Zabibi ni ina so yara kuma tsince shi suke suna ajiyewa a gefen faranti.

Saura na shafawa a kai, nan ne wutar NEPA take shiga maganar. Kirim ciz shi ne aka saba haɗawa da kek ɗin karas amma in ba ki da tabbacin firij kar ki soma, narkewa yake ya zube kafin a hura kyandir. Akwai dabarar mutanen Gujarat da Maharashtra, shrikhand, ki zuba kindirmo mai kauri marar tsami a farin ƙyalle mai tsafta ki ɗaure ki rataye a wuri mai sanyi ruwan ya tsiyaye har ya koma kamar cuku mai laushi, sai ki buga shi da garin sukari da kadamon, in kina da ruwan wardi ɗigo uku ba ƙari don yawansa kamar kin ci turare ne. Shi ma yana son sanyi amma kuɗinsa bai kai rabi ba, kuma ɗan tsaminsa yana yanke zaƙin mazarƙwailar. In babu wuta kwata-kwata ki barbaɗa garin sukari da dakakken fistashiyo kawai.

Na gasa nawa a obin a kan digiri 175 na Celsius kusan minti 40, na tsikari tsakiya da tsinken sakace ya fito fes, na bari ya huce sarai, kirim ɗin kuma sai da baƙi suka fara sallama na shafa.