Fetur ko gas: amsa ga mai shirin sayen tarakta da motar kaya

Ɗan'uwa, ka ce kana son sayen tarakta da motar kwaso amfanin gona, ka kuma ga litar gas, wato dizal, ta fi ta fetur tsada, shi ya sa kake tunanin neman masu shan fetur. To, kada farashin lita ya ruɗe ka. Nauyin aikin za ka duba.

A tarakta maganar gajeriya ce: gas. Ko ka nemi mai fetur da wuya ka samu. An yi su a da, Ferguson TE20 da aka fara ƙerawa a Ingila a 1946 fetur take sha, amma manyan kamfanoni sun daɗe da barin wannan hanya. Massey Ferguson (MF) 375 da ta cika gonakinmu injin Perkins gare ta, silinda huɗu, doki 75.

Bambancin daga yadda wuta ke kamawa yake. Injin fetur yana gauraya mai da iska, fulogi ya ƙyasta. Na gas ba shi da fulogi: fistin ne ke matse iska wajen ninki 16 zuwa 20 har ta ɗauki zafi, nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Matsin na fetur kusan rabin haka ne. Wannan matsin shi ke ba injin gas ƙarfin ja tun yana juyawa a hankali. Idan garma ta nutse a lakar fadama za ka ji muryarsa ta yi kauri, ya ci gaba da ja. Na fetur sai an taka masa wuta sosai, ya zuƙe mai, ya ɗau zafi. Ga shi litar gas ta fi ta fetur ƙarfi da sama da kashi 10 cikin ɗari, kuma a aiki iri ɗaya injinsa ya fi tsimin mai nesa ba kusa ba.

Manyan motoci ma haka: DAF, MAN, Howo, har tsohuwar Marsandi 911, duk gas ne.

Inda ake gardama shi ne ƙaramar mota. Idan buhu goma ne daga gona zuwa kasuwar mako, sauran kwanaki tana ajiye, ni a-kori-kura mai fetur zan saya. Ta fi sauƙin kuɗi, kayan gyaranta na ko'ina, kowane bakanike na bakin tasha zai wanke fulogi ya tayar maka da ita. Amma in lodin masara za ka riƙa yi zuwa Dawanau kullum, nemi Canter mai gas.

Sai dai gas yana da sharaɗi. Injinsa ya fi daɗewa, gaskiya ne, amma ran da famfon da ke tura mai ko nozul suka lalace za ka san ka yi gyara, kuma masu saita famfo sai cikin birni. Abin da ke kashe su ruwa ne da datti da man da aka surka da kananzir. Ka guji man jarka na bakin hanya, ka riƙa tsiyaye ruwan da ke taruwa a ƙasan filta. Kada ka bari tanki ya ƙafe, don iska za ta shiga layi, sai an kwance an fitar da ita kafin ya tashi. Da sanyin hunturu ma yana son batir mai ƙarfi.

In na hannu za ka saya, je da sassafe kafin a ɗumama injin. Baƙin hayaƙi mai ne bai ƙone daidai ba, shuɗi kuma baƙin mai yake ci. Buɗe murfin zuba baƙin mai injin yana aiki: idan yana huro hayaƙi da ƙarfi, ringin fistin ya tafi, sai ka cire kuɗin sauke inji daga cinikin.