Na koma Linux Mint daga Windows: manhajojin da suka fitar da ni kunya

A ranar 14 ga Oktoba, 2025 ne Microsoft ya rufe tallafin da ya saba ba Windows 10. Ita kuma Windows 11 tana da sharuɗɗanta, ciki har da wani guntun tsaro da ake kira TPM 2.0 da kuma ƙwaƙwalwar kwamfuta ta baya-bayan nan. Tawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, amma ba ta cika sharuɗɗan ba, don haka na ɗora mata Linux Mint, wata babbar manhaja ta dangin Linux da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya kamar yadda Windows ke yi. Wannan sharhi a kan manhajojin da na yi aiki da su ne tun daga lokacin, domin su ne ke sa mutum ya zauna a sabon wuri ko ya tattara ya koma inda ya fito.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne na fara canza manhajoji tun ina kan Windows. LibreOffice ta aikin ofis, da burauzar Firefox, da Thunderbird ta imel, da VLC ta kallon bidiyo duk suna aiki a Windows da Mac da Linux, kuma fuskarsu kusan ɗaya ce a ko'ina. Sai da hannuna ya saba da su sannan na taɓa babbar manhajar. Ranar da na kunna Mint, ukun farko na same su a girke suna jirana, VLC kuwa na sauke ta daga rumbun manhajoji na Mint cikin ɗan lokaci. Wanda ya canza komai rana ɗaya, idan abu ya cije masa ba zai san wa zai ɗora wa laifi ba, sai ya ce Linux ce ba ta da kyau, alhali maɓallin da yake nema wuri kawai ya sauya.

LibreOffice ce na fi daɗewa ina gwadawa, don a kanta abincina yake. Ta samo asali ne daga OpenOffice a 2010, kuma gidauniyar The Document Foundation ce ke kula da ita. Writer na maye gurbin Word, Calc na maye gurbin Excel, Impress kuma PowerPoint. Wajen rubuta wasiƙa, rahoto, ko doguwar takarda mai babi-babi da jerin abubuwan da ke ciki, ban ga abin da Writer ta rage ni da shi ba. Wanda ya saba da jerin maɓallan Word na sama ma yana iya sauya mata fuska ta koma kusan haka.

Inda ake samun saɓani shi ne musayar takardu da mutanen da ke kan Word. Sau da yawa za ka buɗe fayil ɗin docx ka ga shafi biyar ya zama shida, ko tebur ya zame ƙasa. Yawanci dalilin salon haruffa ne. Calibri da Cambria na Microsoft ne, ba sa zuwa da Linux, sai manhajar ta ɗauko wani salon da faɗin haruffansa ya bambanta, layuka su ture juna. Maganin yana da sauƙi: a girka Carlito da Caladea, waɗanda aka auna faɗin haruffansu daidai da na waɗancan biyun. Arial da Times New Roman kuwa dama akwai salon Liberation da ke tsaya musu. Da na yi wannan, mafi yawan takardun da ake aiko mini suka zauna daram. Na kuma saita ta ta riƙa adanawa a docx kai tsaye, in ba haka ba za ta adana a nata tsarin na odt, wanda ka aika wa ya tsaya yana tambayarka wannan kuma mene ne. Takardar da ba gyara ake so a yi mata ba, PDF nake mayar da ita kafin in tura, magana ta ƙare.

Calc ta ɗauki lissafina na yau da kullum ba gardama, kuma tun fitowar 24.8 a 2024 ta samu umarnin XLOOKUP da FILTER na lalubo bayanai da tace su, waɗanda masu Excel suka daɗe suna ƙorafin babu. Amma wanda aikin ofishinsa ya dogara da manyan fayilolin Excel masu makro na VBA, wato ƙananan umarnin da ke gudanar da aiki da kansu, to ya gwada nasa fayilolin ɗaya bayan ɗaya kafin ya goge Windows, domin ba duk makro ke tashi ba. Akwai kuma OnlyOffice, wadda docx da xlsx su ne asalin tsarinta. Nakan ajiye ta a gefe don takarda mai yawan ado, kodayake ba ta kai LibreOffice yawan kayan aiki ba.

Ga masu rubuta Hausa, Mint na da tsarin madannai na Hausa a cikin saitinta, ƙara shi kawai za ka yi ka samu ɓ da ɗ da ƙ. Na fi jin daɗin wannan a kan kwafo haruffan daga wani wuri.

Firefox ba ta buƙatar dogon bayani. Ka buɗe asusu, ka haɗa shi a tsohuwar kwamfuta da sabuwa, shafukan da ka adana da kalmomin sirri su biyo ka. Chrome ma akwai ta a Linux ga wanda ba ya son rabuwa da ita. Thunderbird ta karɓi imel ɗina da zarar na ba ta adireshi da kalmar sirri, saboda saƙonnin suna can a intanet. Wanda tsofaffin saƙonninsa ke kulle a fayil ɗin PST na Outlook, gara ya kwashe su zuwa Thunderbird tun yana kan Windows. VLC kuwa, wadda ɗalibai suka faro a wata makarantar injiniyanci a Faransa, har yau ban ba ta bidiyon da ta ƙi buɗewa ba.

Ɓangaren hoto ne ba zan yi wa kowa daɗin baki ba. Adobe ba ya yin Photoshop na Linux. GIMP, manhajar gyaran hoto da ake riƙewa a madadinta, ta ƙara kyau sosai da fitowar 3.0 a watan Maris na 2025, musamman da yake yanzu ana iya sa wa hoto gyara a dawo a cire ba tare da an ɓata asalinsa ba. Ni da aikina bai wuce yanke hoto da gyara haske da ɗora rubutu ba, ta ishe ni har da saura. Wanda kuwa sana'arsa ke nan, ya shekara goma yatsunsa sun haddace Photoshop, zai ji kamar an ba shi motar da sitiyarinta ke ɗaya hannun. Masu zane da alƙalamin kwamfuta su duba Krita, masu tambari su duba Inkscape.

Wasu abubuwan sai dai a burauza. WhatsApp ba ta da manhajar Linux ta hukuma, haka Google Drive da OneDrive. Telegram da Zoom da Dropbox kuwa suna da tasu. Akwai Wine, wadda tun 1993 ake aikinta don tayar da manhajojin Windows a Linux. Ƙananan manhajoji kan tashi lafiya, manya kuma sa'a ce, ba zan shawarci kowa ya jingina aikin da ake biyansa a kanta ba. 'Yan wasan kwamfuta sun fi kowa morewa tun da kamfanin wasanni na Valve ya fito da Proton mai tayar da wasannin Windows a Linux a 2018, sai dai wasu wasannin intanet masu tsarin hana maguɗi har yanzu ba sa yarda.

Wadda ban san da ita ba kafin in koma, kuma yanzu ba na wasa da ita, ita ce Timeshift. Tana ɗaukar hoton yadda babbar manhajar take, ta ajiye, idan wani sabuntawa ko wani karambani naka ya rikita abubuwa sai ka mayar da kwamfutar yadda take jiya. Wannan ne ya ba ni ƙarfin halin taɓa saituna ba fargaba. A lura dai, a yadda ta zo ba ta adana takardunka da hotunanka, fayilolin tsarin kwamfutar kaɗai take kula da su. Naka kayan sai ka kwafe su da kanka a filas ko wani faifai na waje, kuma in ka tsara faifan da tsarin ajiyar fayiloli na exFAT, Windows da Mac da Linux duk za su karanta shi su kuma yi rubutu a kansa.