Wane Kayan Yanka Ya Dace da Falankin Faibagilas?

Kafin ka kashe kuɗi a kan inji, auna kaurin falankin da za ka yanka, domin shi zai faɗa maka abin da za ka saya. Faibagilas zaren gilashi ne da aka daskarar cikin wani irin danƙo, kuma gilashin nan yana cin ƙarfe. Zarton katako na yau da kullum kan dakushe bayan 'yan yanka kaɗan, daga nan sai ya riƙa yagar zaren, bakin ya yi gashi-gashi.

Idan falankin siriri ne, bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, almakashin yankan kwano ya wadatar. Ba shi da tsada, kusan ba ya tayar da ƙura. Aibinsa ɗaya: in ka rufe bakinsa gaba ɗaya a ƙarshen kowane datsi, falankin kan tsage. Zarton ƙarfe na hannu mai haƙora 24 ko 32 a kowane inci ma yana yi a ƙaramin aiki, sai dai akwai jan lokaci.

Ga mai aikin hannu da ke yanka lanƙwasa ko fitar da rami, zarton jigso, wato ƙaramin zarton lantarki mai siririn ruwa da ke hawa da sauka, ya fi kowanne. A nan ruwan zarton ne abin dubawa, ba injin ba. Nemi ruwa mai ɓarɓashin kabayid (wani haɗin ƙarfe mai tsananin tauri) a baki maimakon haƙora, domin gurza yake yi, ba ya fizgar zare. Yawancin ruwan jigso masu haƙora sama suke ci, suna ɓantare fuskar da ke sama, saboda haka a kifar da fuskar falankin mai sheƙi ƙasa. A tafi a hankali. In aka ji ƙaurin danƙo ko bakin yanka ya yi duhu, zafi ya yi yawa.

Dogon yanka miƙaƙƙe, irin na falankin rufi ko na bango, aikin zarton lantarki mai faifai ne, da faifan kabayid mai ƙananan haƙora ko na daimon. Giranda tana da sauri a kan mai kauri, amma babu wanda ya kai ta watsa ƙura, kuma riƙe layi da ita sai gwani. Ba mu ba sabon hannu shawarar farawa da ita.

Kowanne ka zaɓa, manna tef ɗin takarda a kan layin, ka ja alama a kansa, ka ɗaure falankin a kan katako kusa da wurin yanka. Falankin da ke rawa shi ke tsagewa.

Kada a yi rowa wajen kayan kariya. Takunkumin yadi ba ya tare wannan ƙura yadda ya kamata. A nemi takunkumin tace ƙura mai lamba N95 ko FFP2, mai lamba P100 kuma ya fi in aikin da yawa. Tabarau ya zama mai rufe gefe, da safar hannu da riga mai dogon hannu. A yi aikin a fili, a goge ƙurar da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share ta a bushe. In ta taɓa fata, a ɗauraye da ruwan sanyi da sabulu ba tare da susa ba, don susa na ƙara cusa zaren. Tufafin aikin kuma a wanke su daban.

Bayan yanka, a goge bakin da jiƙaƙƙen samfefa mai lamba 120, a shafa masa ɗan danƙon ifoksi don kada ruwa ya bi zaren ya shiga ciki.