Fita da dare a ƙaramin garin jami'a: wurin da ya cancanci kuɗinka da lokacinka

Daren ƙaramin garin da jami'a ke riƙe da shi yana bin jadawalin karatu ne sau da ƙafa, kuma wannan shi ne abu na farko da ya kamata sabon ɗalibi ya fahimta kafin ya fara kashe kuɗinsa. A makonnin farko na zango kowane wuri cike yake maƙil, da jarrabawa ta matso sai tituna su yi tsit, idan kuwa aka shiga dogon hutu wasu wuraren rufewa suke yi gaba ɗaya domin babu mai zuwa. Masu wuraren sun san cewa watannin cinikinsu ƙidayayyu ne, saboda haka suke ƙoƙarin tara ribar shekara a ɗan lokaci, su cusa mutane fiye da yadda ɗaki zai ɗauka, su kuma rage ma'aikata. Ga shi kuma motocin haya kan daina zirga-zirga da wuri, ba kamar a babban birni ba, don haka duk wurin da mutum zai zaɓa, dole ya haɗa da lissafin hanyar komawa.

Zaɓin da na fi amincewa da shi, kuma ba na ɓoye hakan, shi ne shirye-shiryen dare da ake yi a zaurukan jami'ar kanta, wato wasan kwaikwayo na ɗaliban sashen wasanni, da daren kiɗa, da karatun waƙe, da nunin fim, da muhawarar ƙungiyoyi. Da yawa suna raina su saboda babu ƙyale-ƙyalen fitilu, amma idan aka auna su da ma'aunin da ya dace sun fi sauran nesa ba kusa ba. Wanda ya shirya taron sananne ne, yana da ofis ko aƙalla yana da malamin da ke sa ido a kansa, ta yadda idan aka soke shiri akwai ƙofar da za ka ƙwanƙwasa ka nemi kuɗinka. An gina zauren ne domin taron jama'a, da ƙofofi da dama da kujeru masu ƙayyadadden adadi. Akan fara a kan lokaci ko kusa da haka, a tashi tun dare bai raba ba, sannan mutane su fito tare su bi hanya ɗaya zuwa ɗakunan kwana. Wani amfanin da ba a cika faɗa ba shi ne, wuri ne da ake iya magana a ji juna kafin shiri da bayansa, kuma yawancin abokan da na yi waɗanda ba 'yan ajinmu ba, a bakin irin waɗannan zaurukan muka san juna. Aibinsa a bayyane yake: ba kowane mako ake yi ba, wani wasan ma ba a gama gwaji ba ake hawa dandamali da shi, kuma lokacin jarrabawa sai a nema a rasa. Duk da haka wasan da bai yi armashi ba asarar sa'o'i biyu kawai ya jawo maka.

Gidan kofi da ke kaiwa dare shi ne na biyu a wurina, musamman ga mai son hira ko mai fita shi kaɗai, sai dai a ƙaramin gari fuskokin da ka rabu da su a aji su za ka sake tararwa. Wurin kallon ƙwallo yana da daɗi a daren babban wasa, sauran dararen kuwa babu abin da zai zaunar da kai. Sinima, in ma garin yana da ita, fim ɗaya take juyawa har a gaji. Shagalin da ake yi a gidajen hayar ɗalibai ba na ba kowa shawararsa, domin wuri ne da babu mai ɗaukar alhakin komai.

Gidan rawa shi ne ya fi jan sababbin ɗalibai, kuma shi ya fi bukatar a buɗe ido. Ƙarar sauti kaɗai abin lura ce: a shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta ce matsakaicin sauti a wuraren nishaɗi kada ya wuce desibel 100 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma wanda ya fito kunnensa na ƙara har washegari ya san wurin ya cutar da shi. Abin da ya fi wannan girma shi ne ƙofar fita. A ranar 27 ga Janairu, 2013, gobara ta tashi a wani gidan rawa mai suna Kiss a Santa Mariya, wani garin jami'a a kudancin Brazil, mutane 242 suka rasu, galibinsu ɗalibai. Wani daga cikin makaɗa ne ya kunna abin tartsatsi, wutar ta kama soson da aka liƙa a rufi domin tare sauti, hayaƙi mai guba ya cika ɗakin, ga shi kuma hanyar fita guda ɗaya ce. Tun da na karanta labarin nan, duk ɗakin da na shiga sai na fara neman ƙofa ta biyu da idona, in duba ko a buɗe take ko an sa mata kwaɗo, idan ban ga alamarta ba kuwa ba na daɗewa.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne batun jabu, domin nan ne ni aka cuce ni, kuma wanda maciji ya sara ko tsumma ya gani sai ya gudu. A shekarata ta farko na sayi tikitin wani daren kiɗa a hannun wani da ya tallata shi a zauren WhatsApp na ɗalibai, ya ce tafiya ce ta kama shi, ya ma yi mini rangwame. Hoton tikitin ya turo mini, da lambarsa da komai. Na yi layi kusan sa'a guda, da na isa ƙofa na'ura ta nuna cewa an riga an shiga da wannan lambar, kuma ba ni kaɗai ba ne, mu huɗu muka tsaya a gefe da hoto iri ɗaya a wayoyinmu. Dabarar mai sauƙi ce: tikitin na gaske ne, amma hotonsa ana iya sayar wa mutum goma, wanda ya fara isa shi ne ya shiga. Saboda haka kada ka karɓi hoton tikiti daga kowa, ka saya a hannun masu shirya taron ko a shafinsu na asali, ka kuma yi shakkar duk wanda ke gaggauta ka da cewa wani na jira. Akwai ma taron da shi kansa ƙarya ne, a buga sanarwa da hoton shahararren mawaƙi, a karɓi kuɗi, ranar ta zo babu kowa. Mawaƙin da zai zo da gaske yakan sanar a shafinsa, duba wannan bai wuce aikin minti ɗaya ba.

Jabun abin sha ya fi jabun tikiti muni, domin rai yake ɗauka. A watan Nuwamba na 2024 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu bayan sun sha barasar da ake zargin tana ɗauke da sinadarin metanol a garin Vang Vieng na ƙasar Lawos. Wannan sinadari ba a gane shi da ɗanɗano, alamominsa kan ɗauki sa'o'i da dama kafin su bayyana, kuma yana makantarwa. Wanda ba ya shan barasa ma bai tsira daga wata cutar ba, domin ana zuba ƙwayar gusar da hankali a lemo kamar yadda ake zuba ta a giya. Ka karɓi kwalba ko gwangwani a rufe, a buɗe a gabanka, idan ka bar shi a kan tebur ka tashi, to ka haƙura da shi. Haka kuma ka tambayi farashi kafin a kawo, domin wasu wuraren kan yi tallar shiga kyauta, su dawo su ɗora kuɗin a kan tebur ko a kan abin sha.

Sai kuma jabun direba, wanda ke jiran lokacin da aka tashi kowa ya gaji. A watan Maris na 2019, a birnin Kolumbiya na jihar Karolina ta Kudu a Amurka, wata ɗalibar jami'a ta shiga motar da ta zaci ita ce motar hayar da ta kira ta manhajar Uber a wayarta, direban ya tafi da ita ya kashe ta. Kafin ka buɗe ƙofar mota ka gwada lambarta da wadda wayarka ta nuna, ka bar direban ya faɗi sunanka da bakinsa maimakon kai ka faɗa masa, ka kuma tura wa wani aboki bayanin tafiyar. Idan wayarka ta kusa mutuwa, ka tashi tun tana da sauran caji, ko da shagalin bai ƙare ba.