Sharhi a kan kwas ɗin tsallen lema da na yi, da ɗaurin auren da ya wuce ni

Duk wanda ya tashi a Palladan ya san ƙugin ƙananan jiragen kwalejin horar da matuƙa jirgin sama, wadda take nan Zariya tun 1964. Muna yara, da an tashe mu daga islamiyya sai mu je mu tsaya muna kallon jirgi ya tashi, ya kewaya, ya dawo ya taɓa ƙasa ya sake ɗagawa. Tun lokacin nake son in ga yadda duniya take daga can sama. Tuƙin jirgi bai yiwu ba, kasuwa ta ɗauke ni, ina sayar da kayan waya a PZ. Sarin kayan ne ya riƙa kai ni Dubai, kuma a can na fara tsalle daga jirgi a 2019.

Na farkon irin wanda nake kira tsallen goyo ne, sai dai goyon a gaba yake. Ana ɗaure ka a ƙirjin ƙwararre, shi ke da lema, shi ke buɗe ta, shi ke sauke ku. An auna nauyina kafin komai, don akwai iyaka, wajen kilo 100 ga namiji, kuma a lokacin sai ka kai shekara 18. Mun fita daga jirgi a tsayin ƙafa 13,000, muka yi kusan minti ɗaya muna faɗowa a gudun da ya kai kilomita 200 a awa, sannan lema ta buɗe muka yi 'yan mintoci muna shawagi. Wanda yake son ya ɗanɗana sau ɗaya a rayuwa, wannan ya ishe shi, kuma ba ni da wani ƙorafi a kansa. Maganata a kan kwas ɗin da ya biyo baya ce, wanda ake koya maka ka yi tsallen kai kaɗai.

A watan Maris na 2022 na shiga, a wani filin tsalle da ke cikin sahara bayan gari. Na ware kwana goma, na ce da maiɗakina zan gama sari cikin kwana uku, sauran na kwas ne. Ita kaɗai na faɗa wa.

Ranar farko ko kusa da jirgi ba mu je ba. Tun safe har bayan la'asar muna aji. Malaminmu ya shimfiɗa lema a ƙasa ya nuna mana kowane igiya da aikinsa. Jakar da kake goyawa lema biyu ce a ciki, babba da ta ko-ta-kwana. Akwai mariƙi uku da sai hannunka ya san inda suke ko idonka a rufe: na buɗe babbar lema a ƙasan jakar ta dama, na yar da ita idan ta cukurkuɗe, da na buɗe ta ko-ta-kwana. Aka rataye mu a ɗamara kamar yadda za mu kasance a sama, malam yana nuna hoton lemar da ta buɗe a karkace, yana jira ya ga abin da hannunka zai yi. In ka yi jinkiri sai a sake. Na sake ya fi sau ashirin har kafaɗuna suka yi tsami. Wannan naci nasu shi ne abin da na fi yaba musu, domin a sama babu lokacin tunani, abin da jiki ya haddace shi yake yi. Akwai kuma wata 'yar na'ura a cikin jakar da ke auna tsayi da gudun faɗowa, idan mutum ya suma ko ya ruɗe har ya matso ƙasa bai buɗe komai ba, ita za ta saki lemar ko-ta-kwana da kanta. Kafin kowane tashi sai an duba ta a kunne take, a duba ɗamara, a duba agogon auna tsayi da ke ɗaure a hannunka, kuma mutum biyu daban ne suke dubawa.

Matakai bakwai ne. A uku na farko malamai biyu ne suke fita da kai, ɗaya dama ɗaya hagu, suna riƙe da rigarka. Magana ba ta jiyuwa a cikin wannan iska, don haka da yatsu ake yi: yatsa biyu, miƙe ƙafafu, yatsa ɗaya ya nuna ka, buɗe lema yanzu. Abin da ake nema a wurinka shi ne ka banƙare, ka tura ƙugu gaba, ka ɗaga haɓa, ka saki jiki. A ƙafa 5,500 sai ka kai hannu baya ka jefa ƙaramar lemar da ke jawo babbar. Daga nan shiru ya sauka, shirun da ban taɓa jin irinsa a ƙasa ba. Ka kama linzami biyu, ka ja na dama ka juya dama, ka ja na hagu ka juya hagu, wani yana ƙasa yana yi maka jagora ta rediyo har ka fuskanci iska, ka ja su biyun tare daf da ƙasa.

A mataki na huɗu, inda malami ɗaya ne kuma yakan sake ka, nan na maƙale. Ƙafata ɗaya takan lanƙwashe fiye da ɗaya ba tare da na sani ba, sai in kama juyawa kamar farfela. Sau biyu ina faɗuwa wannan mataki. A nan ne ƙorafina na farko yake. Kuɗin da aka faɗa mini tun farko na matakai bakwai ne ga wanda bai faɗi ko ɗaya ba. Duk maimaici kuɗinsa daban, da kujerarka da ta malami a jirgi. An rubuta haka a cikin takardun da na sa wa hannu, amma da an faɗe shi da baki a teburin karɓar kuɗi da na shirya aljihuna. An kuma ba ni shawarar in sayi mintoci a bututun iska, wani ɗaki mai gilashi da iska ke busowa daga ƙasa ta ɗaga ka kamar kana faɗowa. Minti goma a ciki ya gyara mini ƙafar, amma shi ma wani kuɗin ne.

Na biyu kuwa ba laifin kowa ba ne, iska ce. Ɗalibi ba ya tashi idan iskar ƙasa ta wuce mil 14 a awa. Kwana uku cur muna zaune a rumfa da kayanmu a jiki muna kallon tutar nuna iska ta miƙe sambal. Ba sa sassautawa ko ka ce gobe jirginka na gida zai tashi, kuma gaskiyarsu ce. Sai dai babu wanda ya ce mini kwana goma ba lissafi ba ne a wannan harka.

To a ranar Asabar ɗin da ta biyo bayan kwanakina goma aka sa ɗaurin auren taubashina, ɗan Kawu, a Tudun Wada. Kun san yadda aure ke taruwa a watan Sha'aban, kowa na son ya kai amarya kafin azumi. Tare muka tashi da shi, katifa ɗaya muka yi shekaru muna kwana a kai, kuma ni aka ɗora wa karɓar baƙin da za su zo daga Kano da Funtuwa. Ina da mataki biyu da suka rage. Na zauna a masauki da daren Laraba ina juya tikiti a waya, zuciyata tana ce mini in ka tafi yanzu sai ka faro daga farko. Na ɗaga tafiyar da kwana huɗu. Na kira Kawu na ce kaya ne ba su fito ba.

Na gama matakan, na yi tsallen farko ni kaɗai, ba mai riƙe da ni. Ba zan ɓoye ba, daɗin da na ji a ranar ya kai inda ya kai. Amma a daidai lokacin da nake naɗe lema a rumfa, ana can ana raba goro da alawa a ƙofar gidan Kawu, maiɗakina kuma tana cikin mata a wurin yini ana tambayarta ina maigidanta, tana maimaita ƙaryar da na ɗora mata. Wannan shi ya fi ci mini rai har yau, fiye da rashin zuwan ma.

Asiri bai daɗe ba. Wani ɗan kasuwarmu da muka haɗu a can ya sa bidiyon saukata a WhatsApp, da niyyar yabo. Kafin in iso Zariya ya zaga dangi.

Na fara zuwa wurin Inna da tsaraba. Ba ta ko dubi ledar ba. Ta bari na gama gaisuwa, sannan ta ce, "Babana, kaya ne suka tsare ka ko sama?" Na sunkuyar da kai na ce, "Inna, ki gafarce ni." Ta ce, "Ni tsallen ma ban gama da shi ba, amma ajiye shi tukuna. Da wani abu ya same ka a can, wa zai gaya mini inda kake? Ina nan ina yi maka addu'ar kaya su fito." Ban sami abin cewa ba. Ta ce in tashi in tafi Tudun Wada kafin in sha ko ruwa a gidanta.

Kawu ya karɓe ni a zaure, bai ɗaga murya ba. Ya kawo mini ayar da ta hana mutum jefa kansa cikin halaka, ya ce in gaya masa bambancin abin da nake yi da wannan. Na yi masa bayanin lema biyu, da na'urar nan, da dokar iska. Daga baya, da alƙaluman ƙungiyar masu tsallen lema ta Amurka na 2023 suka fito, na kai masa: mutum 10 ne suka rasu a cikin tsalle sama da miliyan uku da rabi a shekarar. Ya ce shi ma ya san sojojin lema da ake horarwa a Jaji suna sauka lafiya, amma su aiki ne ya kai su. Har yau bai ce ya yarda ba, ni kuma ban ce babu haɗari ba, domin akwai. Taubashina kuwa, wanda tsakaninmu kullum tsokana ce, watanni da dama yana gaishe ni gaisuwar baƙo. Sai ranar sunan 'yarsa ta fari, da na kwana ina fama da raguna da kujeru, ya dawo yana ce mini tsuntsu.

Akwai abin da ya kamata duk ɗan Zariya mai wannan sha'awa ya sani kafin ya biya ko sisi. Kammala matakai bakwai ba lasisi ba ne. Lasisin farko sai ka cika tsalle 25, ka iya naɗe lemarka, ka ci jarrabawa. Kuma ilimin yana tsufa da wuri. Ɗalibin da ya yi kwana 30 bai yi tsalle ba sai ya koma hannun malami, mai lasisin farko kuma kwana 60 gare shi. Waɗanda muka yi kwas tare, mazauna can, kowace ƙarshen mako suna filin, abokansu duk 'yan tsalle ne, hirarsu ke nan. Wani daga cikinsu ya ce mini tun da ya fara bai ƙara zuwa taron danginsu ba, kuma ya faɗe shi ne hankali kwance. Mu Asabar ɗinmu tana da masu ita: ɗaurin aure da safe, gaisuwar rasuwa da rana, duba mara lafiya a Shika da yamma, ga majalisa bayan isha'i da in aka kwana biyu ba a gan ka ba sai an biyo sawu.

Na dawo da tsalle 14, da niyyar komawa a ƙarshen shekarar. Sai Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da bai wa 'yan Najeriya biza a watan Oktoba na 2022, ba a buɗe ba sai a Yulin 2024. Da na koma a farkon 2025 sai da aka sake zaunar da ni a aji, aka sake rataye ni a ɗamara, malami ya sake fita da ni. Ban ji haushi ba, don hannuna ya riga ya manta. A wannan zuwan na cika 25 na karɓi lasisin.

Yanzu ga yadda nake yi. Tafiyar sari kawai nake haɗawa da shi, ba na tashi takanas. Kafin in yanki tikiti nakan zauna da maiɗakina mu lissafa abin da ke gaba a danginta da nawa, in akwai biki ko haihuwar da ake jira sai a matsa. Azumi da sallah biyu ba ma a maganarsu. Ranar dawowa kuma ba ta motsi, ko iska ta cinye kwanakin duka. Na san da wannan tsari ba zan taɓa zama gwani ba, duk zuwa sai na fara da tsallen tuni a gaban malami, kuma na biya. Na yarda da hakan.

Makarantar kanta ina ba da shaidar ta iya koyarwa kuma ba ta wasa da rai. Wanda zai je ya riƙe kuɗin maimaici biyu ko uku a gefe, ya ƙara kwanaki a kan abin da aka ce masa, ya je tsakanin Nuwamba da Maris kafin zafin can ya tsananta, kuma mahaifansa su ji daga bakinsa.

A tafiyata ta ƙarshe na je sallama wurin Inna na gaya mata ranakun da zan yi tsalle ɗaya bayan ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce in riƙa kiranta duk lokacin da ƙafata ta taɓa ƙasa. Ranar farko sau uku na kira. A na ukun ta ce, "To Alhamdulillahi. Ka yi la'asar kuwa?" Na ce yanzu zan yi. Ta ce in ajiye wayar in je.